Muryar Aro

Ranar Laraba na sauke tukunya da wuri,
na bar wa Humu ragowar ciniki,
na goya Huzaifa, ɗan shekara tara,
dugadugansa suna dukan cinyoyina
daga lungunmu na Aboabo har bakin titi.
Yaron mota ya ce kuɗin mutum biyu.
Na biya. Ai mutum biyu ne.

A makaranta mu biyar muka kewaye teburi:
Malama Konadu, shugaba, likitar magana mai tabarau,
ni, da wanda ake maganarsa,
yawu na jiƙa ƙyallen da na ɗaura masa a wuya.
Takarda shafi huɗu, sunansa a sama,
ba ta ajinsu ba ce, tasa ce shi kaɗai.
Ni da ban taɓa ganin sunan nan a rubuce ba
sai a katin asibiti.

Malama ta karanta da Turanci, ta juya da yaren Asante,
ni kuma na juya a cikina da Hausa:
kafin zangon karatu ya ƙare
zai nemi ruwa da kansa, sau uku cikin biyar,
zai nuna banɗaki, zai gai da malami.
Aka shafa min tawada, na dangwala.

Allon gilashi suka ba mu, faɗin faranti,
hotuna gida-gida kamar dara.
Ka taɓa kofi, wata Baturiya ta amsa ta hanci.
Huzaifa ya kau da kai.
Ina ya san ta? Ba ta taɓa cin tuwon gidanmu ba.

Sai Malama ta ce a nemo murya.
Muka kira Tajuddin, ɗan ƙanena, sa'ansa,
mai giɓi a baki, mai surutun aku.
Ya zauna bayan masallaci, inda janareto ba ya kaiwa,
yana faɗa wa allon: ruwa, zafi, Mma, ƙwallo.
Da jerin ya ƙare, ɗan banza ya ƙara tasa,
wadda yake faɗa in an aike shi.
Malama ta ce a bar ta.

Mako shida hannu ba ya jin magana,
ya nufi kofi, ya sauka kan akuya.
Kafinta Osei ya fafe masa katako mai ramuka
don yatsa ya sami masauki.
Wuta ta ɗauke kwana biyu,
na kai bakin ɗana caji wurin mai shago, sidi biyu.
Wa ya taɓa jin an kai baki caji?

Wata Asabar na dama koko,
kamar kowace safiya tun da na yaye shi.
Na hura, na kai cokali.
Yatsa ya yi yawo, ya yi yawo, ya faɗa rami.
Muryar Tajuddin ta fito daga cinyar Huzaifa:
Ba na so.
Na ce hannu ne ya zame.
Ba na so.
Idonsa a kaina tar,
sannan ya lalubo hoton shayi.

Shekara bakwai ina ɗura masa koko,
ina ce wa maƙwabta shi da koko sai Allah.
Na zauna a kan turmi ina dariya,
ban san lokacin da ta juye ba.

Ƙarshen zango muka koma teburin nan.
Ruwa sau biyu cikin biyar, bai kai ba,
Malama ta rubuta tana ba ni haƙuri.
Na ce akwai fili a ƙasan shafi na huɗu,
rubuta min: yana gardama.
Jiya ma ya ƙi rigar da na zaɓa,
muka makara.

Likita ta ce muryar Tajuddin za ta fashe,
shekara huɗu ko biyar.
Na ce in Allah ya kai mu
za mu koma bayan masallaci a sake ɗauka.
Ɗana ba zai yi gemu da muryar yaro ba.