Zaren Gidan Ardishi

Ni ce Guranda, masaƙiyar hasumiya ta bakwai,
shekara hamsin da ɗaya ina jefa ƙoshiya
a kwarin da ƙanƙara ke toshe wa hanya wata shida.

A nan ba a rubuta asali a takarda.
Darduma ce, kamu tamanin.
Duk jaririn da ya faɗo a gidan Ardishi
sai a tsinko farin ulu a goga masa a goshi,
zaren ya zaɓi launinsa da kansa.
Ni saƙa ce tawa, ban taɓa rini ba.

Ga Beshken na fari, shuɗi kamar cikin ƙanƙara,
wanda ya auri ɗiyar dutse
ya biya sadaki da rabin inuwarsa,
shi ya sa har gobe 'ya'yan gidan nan
guntuwar inuwa suke ja a bayansu.
Ga Otiya, mai kujera ta biyu daga murhu,
in ya yi tari majalisa ta dakata.
Ga Mzevinar, ja wur,
wadda ta tsare mashigi da mata arba'in
har mayaƙan ƙasa suka cinye takalmansu don yunwa.

Daga nan kujera ta soma ja da baya.
Wani ya sayar da makiyaya ya sayi sulke,
wani ya bi ɗan sarkin da bai hau ba.
Ta uku. Ta biyar.
Yau ta bakwai, a bakin ƙofa,
inda sanyi ke gaishe ka kafin ƙahon sha ya iso.

Ran nan cikin dare Tamaz ya hauro,
magajin gida, gemunsa duk raɓa.
Ya ɗora fitila, ya dangwala yatsa
kan wani zare mai launin toka
tsakanin Mzevinar da kakan kakansa.
Ya ce, "Gobe ake awon darduma.
Mutanen Tserbi za su ce jininmu da gauraye.
Warware min wannan, Guranda."

Na ce, "Hannuna ya tsufa. Ja da kanka."

Ya ja.
Kakansa ya saki. Ubansa ya kwance.
Koren zarensa ya fara rawa,
sai ga hasken fitila yana ratsa tafin hannunsa
kamar ta jikin ganye.
Ya saki zaren, ya zauna daɓas.

Na ce, "Sunansa Jansug, makiyayin awaki.
Shekarar annoba, namiji ko ɗaya bai rage ba.
Shi ya haura dutse sau goma sha tara
da gishiri da sha'ir a doronsa,
yatsun ƙafarsa uku suna can har yanzu.
Mzevinar ta dube shi, ta dubi kaburbura,
ta ce a kawo ulu.
Ba a ba shi kirari ba.
Amma duk wanda ya zo bayansa, a wuyansa yake rataye."

Kashegari Tamaz ya ɗauki dardumar a kafaɗa,
ya hana barori taɓawa,
ya shimfiɗa ta, tokar tana fuskantar wuta.
Mutanen Tserbi sun yi dariyarsu.
Ba a matsar da kujerarsa ba ko taƙi ɗaya,
har yau a bakin ƙofa yake shan sanyi.

Da ƙanƙara ta narke matarsa ta sauka, mace.
Na goga ulu, na jira.
Toka.
Uwar ta kau da kai, uban ya yi shiru,
ni kuwa na zura zaren a ƙoshiya.

Jiya na hango yarinyar tana rarrafe a tsakar gida,
inuwarta cikakkiya,
tana biye da ita har bakin rijiya.