Zik Ɗin Dodo

Sau goma sha bakwai na mutu a gaban Crisanto Villaruel.
Tara da mashi, biyar da wuta,
sauran kuwa kogin Pasig ne ya haɗiye ni
ina cikin rigar roba mai kan kada
wadda aka ɗinka da tsohon tiyub ɗin mota.

Ni ne dodon. Shi ke riƙe da kyamara.

Furodusa kan ba shi kwana tara,
fitila uku, ɗaya mai ciwon farfaɗiya,
da guntayen fim da manyan kamfanoni suka yar.
Sai ya ɗaga gwangwanin, ya jinjina a tafin hannu
kamar mai cinikin kifi a Quiapo,
ya ce, "Minti huɗu ya rage, Eusebio.
Yau ka mutu da wuri."

Ya yi mana wata da tocila da farantin tangaran.
Ya yi hazo da ɓawon kwakwa.
Jininmu miyar ayaba ce da jan rini,
ƙudaje suka fi kowa yarda da shi.
In an ce babu kuɗin gina fadar aljanu
sai ya kashe fitila biyu.
"Duhu kyauta ne," in ji shi,
"ɗan kallo zai kawo nasa tsoron daga gida."

Da dare yana hawa ɗakin da ke saman shagon taliya,
shi da almakashi da salatif,
fim na rataye a wuyansa kamar kayan hanji.
Can ne mutum bakwai suka zama runduna.
Can ne jarumin da bai iya naushi ba ya iya.
Can ne zik ɗin bayana ke ɓacewa,
ƙyas, ƙyas, har asuba.

Da fim ya haye teku, sai su sauya masa suna
zuwa wanda bakin Bature zai iya tauna.
Bai ce uffan ba. Ya karɓi pesonsa
ya biya wa Luningning kuɗin makaranta.
Shekarar babbar ambaliya ruwa ya shiga sito,
fim arba'in suka narke, suna tsami kamar tsohon kunu.

Bara na same shi a Marikina.
Yana ta rufe idanun nan biyu.
Jikarsa ta tono ɗaya daga cikin namu a waya,
hoton duk ƙuraje, muryoyin na wasu mutane ne.
Bai ga komai ba, kiɗan kawai yake bi,
yatsu biyu na buɗewa suna rufewa a kan gwiwa
daidai inda ya yanka, shekara arba'in da suka wuce.

Na ce, "Cris, a nan ka yi kuskure.
Ga zik ɗina a fili, yana walƙiya."

Ya daɗe yana dariya, har tari ya sarƙe shi.
"Ba kai ka ce tsohuwarka za ta zo kallo ba?
Na bar mata ƙiftawar ido ɗaya
ta san ɗanta na ciki, zai cire ya dawo gida."

Tsohuwar ba ta je ba, ruwa aka yi ranar.
Ban faɗa masa ba.
Na ce wa yarinyar ta ɗan mayar da shi baya.