Littafin Aljihun Kapiten Sali

A tashar Mora labarin ya same ni,
ina ɗaure wa wata tsohuwa buhun albasa a bayan babur.
Tizi ya dafa kafaɗata, ya ce, "Kapiten ya riga mu."
Na ƙarasa ɗaurin. Na ja igiyar sau biyu don in tabbata,
sai na tuna wanda ya koya mini ja sau biyu,
sai gwiwa ta ƙi ɗaukata.

Shekara talatin da ɗaya yana cikin kaki,
bai wuce anini uku ba.
Yaran da ya koya wa ɗaure takalmi
sun je Yawunde, sun dawo yana sara musu.
Bai ce uffan ba. Hularsa kawai yakan gyara.

Ba mai fara'a ba ne, ba zan yi wa mamaci ƙarya ba.
Ya taɓa shanya ni a rana tun hantsi har la'asar
don na wanke fuska da ruwan gora.
Kwana arba'in ina zaginsa a cikina.
Ran da motarmu ta mutu tsakanin Waza da Dabanga,
ba inuwa sai ta ƙaya,
da murfin gora ya raba mana ruwan nan, mu goma sha tara.
Shi ne na ƙarshe.
Har yau ban tabbata ya sha ba.

Da dare yakan zaga da tocila:
"Cire takalmi." Ya tsuguna, ya duba tsakanin yatsu,
shi mai anini, mu kurata masu warin safa.
"Soja ƙafa ne," in ji shi, "sauran duk ado."

Ran Juma'a su Tizi ke gadi mu yi salla,
ran Lahadi mu ke riƙe musu bindiga.
Ba a rubuta wannan a dokar bariki ba.
Shi ya faɗa sau ɗaya, ya zauna.

Akwai wani ɗan littafi a aljihunsa na hagu,
baƙin bango, gumi ya cinye gefensa.
Mun ɗauka laifinmu yake tarawa.
Sai da Mbarga ya faɗi a gindin dutse, wajen Kolofata,
muka ga ya buɗe shi yana neman sunan uwar yaron.
Ya ƙi a aika takarda.
Mota har Ngaundere, jirgin ƙasa kwana guda,
ya kai mata agogon ɗanta hannu da hannu,
ya dawo bai yi magana ba har sati.

Harsashi ya neme shi shekara da shekaru bai same shi ba.
Ƙoda ce ta kayar da shi, a gadon asibitin Marwa,
fanka na juyawa a kansa kamar ba komai.

Mun taru a Domayo bayan an kai shi:
mai gadin banki, mai shayi, direban tirela, ni ɗan babur,
kowa da furfura, kowa takalminsa a goge.
Ba wanda ya ce a yi layi. Muka ga mun yi.

Goggo Asta ta miƙo littafin ta bayan labule,
ta ce kowa ya duba nasa.
Na sami shafina da kyar, tawada ta koɗe:
"Gambo. Uwa: Kande, Gidar, bayan kasuwa.
Saurin fushi. Ɓarnar ruwa.
Ba ya gudu ya bar mutum. A yi haƙuri da shi."

Na mayar da littafin. Na fita waje.
Wani yaro na wasa da famfo, ruwa na bin ƙasa,
na buɗe baki zan daka masa tsawa,
sai na je na rufe famfon da kaina,
na murɗa sau biyu.