Sabuwar Randa

Ƙarfe biyu saura na dare suka iso,
laka har ƙwauri.
Daga gungu suke, can tsakiyar Neja:
kwalekwale, sannan babur, sannan gudu da ƙafa
har ƙofar asibitinmu na Yauri.
Yaron a kafaɗar ubansa
yana fizga kamar tarwaɗar da aka wurga tudu.

Sunansa? Tanimu.
Tun yaushe?
Tun muna bakin ruwa. Ta sake shi, ta dawo,
bai farka a tsakani ba.

Na zare cokalin da kakarsa ta cusa masa,
na kwantar da shi ta gefe.
Inna, harshe ba ya haɗiyuwa, bar masa bakinsa.

Allurar farko ta ba mu minti goma.
Ta biyu ko biyar ba ta kai ba.
Likita ya dube ni, na dube shi.
Sai babban awo, ta jijiya.

Kilo nawa ne yaron?
Uban bai san shekararsa ba,
amma ya tallabe shi a hannu biyu,
hannun da ya daɗe yana ɗaga giwan ruwa ranar kasuwa,
ya lumshe ido ya ce, sha takwas.
Sikeli ya ce sha takwas da rabi.

Na yi lissafi a bayan katinsa.
Na sake.
Na miƙa wa Ladidi ta sake,
don nan gaba kura ce, baya sayaki:
ka rage, jijjiga ta dawo,
ka zarce, numfashi ya yi nisa.

Janareto ya yi tari ya mutu.
Kakar ce ta riƙe tocilar waya,
hannunta ya fi na jikanta rawa.
Jijiyar yaro mai zazzaɓi zaren gizo ce,
na nema a hannu, ta gudu,
na nema a ɗaya hannun, ta fashe.
A bayan ƙafa na same ta.
Jini ya leƙo cikin roba, na ce alhamdu lillahi a ciki.

Uban ya ƙura wa sirinjin ido.
Malama, duk wannan, a jiki ɗan wannan?
Na ce, ka san sabuwar randa?
Ruwan farko ita ke shanyewa.
Sai ta ƙoshi take riƙe maka na sha.
Yau cikawa za mu yi, gobe ƙari kaɗan-kaɗan.

To ki tura mana, ki yi sauri.
Na ce, kai kana loda kwalekwale da gaggawa?
Ya yi shiru.

Ɗigo.
Ɗigo.
Yatsuna biyu a wuyan hannunsa suna sauraron zuciya,
idona ɗaya a agogo, ɗaya a haƙarƙari.
Minti ashirin
sun fi hanyar da suka ratso tsawo.

Ƙafa ce ta fara sauka.
Sai yatsun da suka dunƙule suka buɗe ɗaya-ɗaya.
Muƙamuƙi ya saki.
Fatar ido ta hagu ta yi ta ƙyafta ita kaɗai
kamar ba a sanar da ita ba,
sannan ita ma ta bari.

Shirun ya fi jijjigar tsoratar da su.
Kakar ta fara salati, tocila ta faɗi.
Na kamo tafinta na ɗora a ƙirjinsa:
ji, yana hawa, yana sauka. Barci ne.

Da hantsi ya buɗe ido,
ya tambayi wa ya ɗauke masa takalmi ɗaya.

Na rubuta a kati: an ba da awon farko, ƙarfe biyu da minti arba'in,
jijjiga ta tsaya.
Layin bai da wurin laka,
ko ƙullin busasshen kifin
da na tarar a kan teburina, babu suna.