Takarda Mai Layi Biyu

Takardar gasa ta iso ran Talata
da layi biyu a samanta:
ɗaya na neman shekaru,
ɗaya na neman aji.
Wanda ya buga ta a ofis
bai taɓa tsayawa a filinmu na Kakuri ba,
inda ciyawa ta ƙare tun kafin bakin raga,
inda akuyar maƙwabta ta fi alƙali sanin iyaka.

Yarana ashirin da uku ne.
Ashirin da ɗaya sun shige layinsu ba gardama,
kamar ƙafa cikin tsohon silifas.
Saura biyu.

Nazifi shekararsa sha ɗaya,
yana aji uku na ƙaramar sakandare.
Kai ya yi masa gudu, aka tsallakar da shi sau biyu,
ƙafafun ba su samu labari ba.
Rigar ƙungiya har gwiwa take kai masa.
In ya ja ƙwallo ta gefen hagu
ka rantse da zare ya ɗaure ta,
amma kafaɗa guda ta ɗan ajinsu
ta isa ta aika shi cikin kwata.

Kefas ya cika sha biyar a watan jiya,
yana aji ɗaya.
Shekara uku ya yi yana tura baro a kasuwa
sa'ad da ciwo ya kwantar da babansa.
Gashin baki ya fara leƙowa.
Yana buga ƙwallo a hankali, da neman gafara,
kamar mai rufe ƙofa ana barci,
don ya san ƙaurin 'yan ajinsu
bai fi sandar rake ba.

In na bi aji,
na jefa ɗan tsako cikin zakaru,
na saki ɗan maraƙi a cikin tukwane.
In na bi shekaru,
kowannensu zai sa riga tare da baƙi,
waɗanda ba su san wa yake ba aron biro ba,
ba su san wa ke rage masa awara a tara ba.

Gwaggon Kefas ta zo da yamma,
ta ce, Koci, ai akwai takardar rantsuwa,
shekara biyu kawai za a sauke,
wa zai ƙirga?
Na ce, Mama Saratu, shi zai ƙirga.
Kowace ƙwallo ya ci, sai ya cire biyu.
Ta gyara ɗankwali, ba ta yi mini sallama ba.

Baban Nazifi a waya ya kira.
Ɗana ba ya komawa baya, in ji shi,
ko a lissafi, ko a fili.
Na so in ce ƙashi ba ya cin jarrabawa.
Kati ya ƙare kafin in faɗa.

Daren nan na rubuta, na goge,
na rubuta, na goge,
har takardar ta huje a gurbin suna na sha bakwai.

Da safe na bi shekaru.
Nazifi ya yi kuka a bayan ajin kimiyya,
ya ce an mai da shi cikin jarirai.
Kefas bai ce komai ba.
Wasa uku ke nan yana benci wurin manya,
yana riƙe musu ruwa.

Ban ce na yi daidai ba.

Jiya dai, bayan an tashi,
na dawo neman usur ɗina da na manta.
Su biyu kaɗai na tarar a fili,
takalma huɗu ne turakun raga.
Ƙaramin na koya wa babban yanka,
babban na koya wa ƙaramin yadda ake faɗuwa
ba a karya hannu ba.

Na tsaya jikin katanga har aka kira magariba.
Usur ɗin yana wuyan Nazifi.
Na bar masa.