Jerin Ƙofofi

Ƙarfe tara ta wuce a Alabar,
masu shaguna sun ja ƙarfe sun tafi,
ni da Muniru muka rage, da fanka mai tari,
da kwamfutar wani lauya daga Adum
wadda ya ce yana so kafin Juma'a.

Na'ura ɗaya ce, amma gida biyu ne a cikinta.
Akwai maigida mai tagogi,
akwai baƙon da muka sauke a ɗakin zaure,
yana da harshensa, yana da baƙin allonsa,
ruwa da wuta kuwa na maigida yake sha.

Muniru ya buga umarni.
Allo ya ce: ban san wannan ba.
Ya sake bugawa da ƙarfi, kamar maɓalli ne kurma.
Inna Zuwera, ga manhajar can, da hannuna na saka ta!
Na ce na gan ta. Shi ne bai gan ta ba.

Ba ya yawon cigiya, yaro.
Takarda guda ke aljihunsa, sunanta PATH,
jerin ƙofofin da aka ce ya ƙwanƙwasa.
Daga hagu yake farawa.
Wadda ta fara amsawa, ita ce, ya gama.
Ko gwani na zaune a ƙofa ta bakwai,
in ragon tsoho mai suna iri ɗaya ya amsa a ta biyu,
tsohon zai kawo maka.
Ƙofar da ba ta cikin jeri kuwa,
ko a gabansa take, bango ce.

Sai ya kwafo adireshi daga wajen maigida
ya manna wa baƙo, ɗanye, ba a dafa ba.
Nan rigima ta tashi.
Maigida da waƙafi mai ruwa yake raba ƙofa da ƙofa,
baƙo da ruwa biyu.
Ga shi maigida ruwa biyu yake maƙala wa sunan rumbunsa,
baƙo ya gani ya zaci iyaka ce,
ya datse adireshi gida biyu:
ƙofa ɗaya sunanta C,
ɗayar kuma ba ta da uwa.
Sandunan ma ba su jitu ba,
na wannan gaba suke jingina, na wancan baya.

Na yi dariya har tarin fanka ya kama ni.
Ruwa biyu! Haka ake ce da ni a Aboabo,
uwa Batoniya, uba ɗan zango.
Da Tonanci nake ciniki a Kejetiya,
da Hausa nake fushi.
Na san abin da ke ɓata tsakanin baki biyu.

Akwai tafinta a bakin zaure, na ce masa,
yana juya jerin in za a shiga, ya juya in za a fita.
Amma abin da ya gane shi yake juyawa.
Wanda ka cusa ta taga, kai ka sani.
Sunan da ke da fili a tsakiya kuma,
ka rungume shi da alamar zance,
in ba haka ba ya ɗauka mutum biyu ne.

Ya gyara. Ta yi. Ya miƙe yana taka rawa.
Ya buɗe sabuwar taga ya gwada:
ban san wannan ba.

Zauna.
Ɗa kwafin takardar uba yake gada.
Abin da ɗa ya ƙara a tasa
ba ya komawa aljihun uba,
ƙanensa ma ba zai ji labari ba.
Ka rubuta a fayil ɗin da ake karantawa da asuba,
kafin a buɗe kowace ƙofa.

Ya buɗe fayil ɗin, ya rubuta layin,
yatsansa na kan hanyar adanawa
aka ɗauke wuta.
Batirin lauya kuwa ya mutu tun bara.

A cikin duhu na ji yana maimaita jerin da baki,
ƙofa, ruwa biyu, ƙofa,
kada ya manta kafin a kawo.