Makullan Zaure

Goma sha bakwai ne a ɗamarata.
Uku sun daina buɗe komai,
amma ban yar da su ba.

Kafin a dasa ƙarfe a wurin nan
fili ne na majema,
fatun awaki ja wur a shanye,
warin bagaruwa har bakin titi.
Tsohona Ɗan-Ige na da turke a nan,
daidai inda alƙalin wasa ke tsayuwa.
Jakinsa bai san mai usur zai gaje shi ba.

Sai anka zo da igiyar awo,
siminti ta hanyar Kalambaina, mota bi da bi.
Birkila Ummaru Kware ya faɗo daga tsani,
ya yi wata huɗu a tabarma,
ya dawo da ɗingishi ya ƙarasa bangon gabas.
Ran buɗewa anka kafa allon tagulla,
sunaye tara a kai.
Na duba, na sa an karanta min,
ban ji nasa ba.

Daɓen nan bai zaɓen ƙafa.
Asabar mu zuba yashin Rima, amalanke goma sha biyu,
'yan kokawa su shigo da layu a dantse,
ganga na neman ɗage kwano.
Lahadi shebur.
Litinin tebur ɗari huɗu,
yara na cizon biro,
shiru har ka ji tattabara na gyara zama a rufi.
Wanda ya zo Litinin
ba zai yarda an kā da ƙato a nan shekaranjiya ba.

Na ga yaro makaho daga Gwadabawa
yana jan Suratu Maryam ran musabaƙa.
Wuta ta ɗauke, lasifika ta mutu,
fanka biyar ɗin da ke da rai sunka tsaya,
ga zafin Afrilu.
Ya ci gaba da muryar da Allah ya ba shi.
Mutum dubu, ko tari ban ji ba.

Akwatunan ƙuri'a sun kwana a hannuna,
'yan sanda sunka cinye min tuwo.
An yi walima, kwana uku ina kankare manja daga layin fenti,
uban amarya ko goro bai miƙo ba.

Shekarar da gulbi ya haura gaɓa
anka kawo mutanen fadama cikin tipa,
da tukwane, da kaji a ɗaure, da abin da ruwa ya manta.
Kujerun kallo sunka zama ɗakuna,
ragar wasa ta zama igiyar shanya.
Dare na shida naƙuda ta kama wata.
Mata sunka kewaye ta da zannuwa
ƙarƙashin kwandon yamma,
tsohuwa Tamodi ta ce in riƙe cocila in kau da kai.
Kukan ya bugi kwano ya dawo.
Ni na haƙa ramin mabiyiya bayan ɗakin janareta.
An raɗa mata Balkisu,
amma 'Yar Kwando bai sake ta ba.

Jiya ta zo da abokanta, ta fi uwarta tsawo,
ɗankwali ɗaure tamau.
Ta jefa daga nesa.
Ƙwallo ya zagaya ƙarfen sau biyu, yana shawara,
sannan ya faɗa
daidai wurin.
Na tafa ni kaɗai da tsintsiya a hammata.
Ta waigo tana dariya,
ba ta san dalili ba.

Yanzu rufi na yoyo wuri shida,
na san kowanne da bokitinsa.
An ce wata mai zuwa in miƙa ma Nafi'u aiki,
yaron kirki, yana da waya mai hasken kallo.
Zan ƙirga masa goma sha huɗu a tafin hannu,
in nuna masa ƙofar da sai an ɗaga ta da gwiwa.
Ukun nan kuwa, zan tafi da su gida.
Ba su cikin takardar ofis,
kuma ba wanda ya taɓa tambaya.